Dokta Yusufu Bala Usman: Jikan sarakuna da ya so marar aiki ya iya kai gwamnati ƙara

Akwai wani alkawari a kundin tsarin mulkin Najeriya wanda akasarin matasan da ke yawon neman aiki ba su taɓa jin labarinsa ba. Sashe na 16(2)(d) ya ɗora wa gwamnati nauyin tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsuguni da abinci da albashin da zai riƙe shi, da kulawa idan ya tsufa, da kuma tallafi idan ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo. Wannan alkawari yana nan tun kundin 1979, an kuma maimaita shi a na 1999. Sai dai a cikin kundin nan dai, sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙarar duk wanda ya ce gwamnati ta saɓa shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Cikin mutanen da aka tara su rubuta daftarin kundin a 1975, biyu ne suka ƙi sa hannu a kan wannan tsari. Ɗayansu matashi ne mai shekara 30, haifaffen Musawa a ƙasar Katsina, jikan sarakuna ta uwa da uba: Dokta Yusufu Bala Usman, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005. An fi saninsa da koyar da tarihi da kaifin harshe wajen muhawara. Amma duk wanda ya bi sawun rayuwarsa zai ga tambaya guda ce ta yi ta kai-komo a cikinta: me ƙasa ke bin talaka, kuma me talaka ke bin ƙasa?

Daga Musawa zuwa Ingila

An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa cikin 1945. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, ɗan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ɗan'uwan Sarki Usman Nagogo. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. A Arewar wancan zamani, yaron da ya fito daga irin wannan gida hanyarsa a share take: ko hakimci, ko babban muƙami a En'e, ko kujera a gwamnatin Kaduna.

Ya fara karatun boko a Musawa, ya wuce Kankiya da Minna, sannan Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Daga nan ya tafi Ingila, ya yi digiri a fannin tarihi da kimiyyar siyasa a Jami'ar Lancaster. Da ya dawo gida a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, sai ya ɗauki alli ya shiga aji a Kwalejin Barewa ta Zariya. Can ya zauna har zuwa 1971, lokacin da ya riga ya soma karatun digiri mai zurfi a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa harsashin koyar da tarihi a jami'ar.

Ƙasar haihuwarsa ya zaɓa ya bincika. Ya bi garuruwa da ƙauyukan Katsina yana ji daga bakin dattawa, yana haɗawa da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, ya kammala digirin digirgir a 1974. Aikin ya fito littafi a 1981 da sunan The Transformation of Katsina. A cikinsa ya rushe labarin da Turawan mulkin mallaka suka bari, wai tarihin ƙasar Hausa ba komai ba ne face kokawa tsakanin Haɓe da Fulani. Ya nuna cewa abin da ya tayar da tsarin sarauta, kuma abin da ya kayar da shi a farkon ƙarni na 19, yana da alaƙa da noma da fatauci da sana'o'i da haraji, da yadda masu mulki ke mu'amala da masu samar da dukiya. Wannan darasi, cewa mulki yana tsayawa ko faɗuwa ne bisa yadda ya riƙe masu gumi, shi ya ɗauka ya tafi da shi Legas.

Mutum biyu cikin 49

A watan Oktoban 1975 Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin rubuta daftarin kundin tsarin mulki ƙarƙashin fitaccen lauya Cif Rotimi Williams. Mutum 50 aka zaɓa, Cif Obafemi Awolowo ya ƙi karɓa, suka rage 49, kuma babu mace ko ɗaya a cikinsu. Akwai manyan lauyoyi da malaman jami'a da tsofaffin 'yan siyasa irin su Malam Aminu Kano.

Kwamitin ya zo da sabon abu da babu shi a kundin 1960 da na 1963: babi guda da ya jera manufofin da ƙasa za ta sa gaba, wanda ya zama Babi na Biyu. Nan aka ambaci ilimi kyauta, da kiwon lafiya, da damar samun aikin yi, da tallafin marar aiki. Gardamar da ta biyo baya ita ce ko waɗannan abubuwa haƙƙi ne da ɗan ƙasa zai iya nema a gaban alƙali, ko kuwa buri ne da gwamnati za ta cika idan hali ya yi. Masu rinjaye suka tsaya a kan na biyu. Hujjarsu ba ta banza ba ce: baitulmali yana da iyaka, alƙali ba shi ke tsara kasafin kuɗi ba, kuma idan aka buɗe ƙofar, ƙararraki za su yi wa kotuna katutu, a jefa ɓangaren shari'a cikin rigima da ɓangaren zartarwa.

Bala Usman da Dokta Segun Osoba, malamin tarihi a Jami'ar Ife, wanda ba shi ne ɗan jaridar da ya yi gwamnan Ogun ba, suka ƙi yarda. A ganinsu haƙƙin da ba a iya nema a kotu romon baka ne, kuma 'yancin faɗar albarkacin baki da na zaɓe ba su da ƙarko a hannun mutumin da ba shi da aiki, ba shi da ilimi, ba shi da abin sawa a bakin salati. Maimakon su tsaya kan ƙin sa hannu, sai suka zauna suka rubuta cikakken daftari nasu, inda suka mayar da ilimi da lafiya da aikin yi haƙƙoƙin da doka za ta tilasta, suka kuma tsaurara sharuɗɗa kan dukiyar masu riƙe da muƙamai.

Kafin a gama aikin an kashe Murtala a watan Fabrairun 1976. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta karɓi rahoton masu rinjaye, ta ture na mutum biyun gefe. Kundin 1979 ya fito da alkawarin da kuma takunkuminsa. A 1981, a shari'ar da Akbishop Anthony Okogie ya shigar da gwamnatin Legas kan makarantu masu zaman kansu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa Babi na Biyu ba abin da kotu za ta tilasta ba ne. Daftarin marasa rinjaye kuwa sai a 2019 aka buga shi littafi, shekara 14 bayan rasuwar Bala Usman.

Ƙasar auduga da Bankin Duniya

A daidai lokacin da ake wannan gardama a Legas, wani gwaji na daban yana gudana a maƙwabtan garinsu. Kudancin Katsina, daga Funtuwa zuwa Bakori da Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye da su irin Mahuta, shi ne rumbun auduga tun zamanin Turawa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙaurar Namoda a 1929, kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, kuma da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 sai farin zinaren yankin ya samu kasuwa a gida. Manomi ya noma, 'yan ƙwadago su tsinta, a gurza, a loda a jirgi, a saƙa. Kowace gaɓa ta wannan sarƙa tana ciyar da gidaje.

A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, kuma shi ya ba noman masara ƙarfin da yake da shi a yankin har yau. Amma masu bincike da dama, musamman a Zariya, sun soki yadda ya fifita manoman da ake kira masu ci gaba, wato masu manyan gonaki da masu hanya da hukuma, alhali ƙaramin manomi yana kallo. Wanda gonarsa ba ta ciyar da shi shekara, sai ya yi ƙwadago a gonar wani da damina, ya tafi cin rani da kaka ta wuce. Irin wannan mutum ba ya cikin littafin kowace ma'aikata, saboda haka ko ya yi wata biyar hannu rabbana, a idon hukuma ba shi da sunan marar aiki.

Zaɓen 1979 ya ba Bala Usman damar taɓa wannan al'amari da hannunsa. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna, kuma a lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka raba su. Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya naɗa shi Sakataren Gwamnatin Jiha. Aikin ya yi nauyi fiye da yadda aka saba, saboda majalisar dokokin jihar, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoni, gwamnati ta yi ta tafiya ba majalisar zartarwa.

Duk da haka ta bar abubuwan da ake tunawa. Ta soke haraji da jangali, waɗanda ake karɓa ko mutum ya samu ko bai samu ba, har talaka kan sayar da akuya ko ya jinginar da gona don ya tsira daga dogarai. Ta kafa hukumar binciken filaye da gonakin da aka ƙwace wa talakawa. Ta kuma ja daga da Bankin Duniya kan sharuɗɗan faɗaɗa shirin Funtuwa zuwa jihar baki ɗaya, musamman batun miƙa ragamarsa ga ƙwararru 'yan ƙasar waje masu ɗimbin albashi. Ba inshorar rashin aiki ba ce, amma a karkara, inda babu albashin da za a yanka a tara, kariya ta farko ita ce kada a raba mutum da gonarsa, kada kuma a tatse shi a shekarar da bai girbe komai ba.

Gwajin bai yi tsawon rai ba. Majalisa ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981. A watan Yuli, a tarzomar Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa kuma abokin gwagwarmayar Bala Usman. PRP kanta ta dare gida biyu, santsi da taɓo. A 1982 ya ajiye muƙamin ya koma aji a Samaru.

Shekarun kora daga aiki

Komawarsa jami'a ta zo daidai da faɗuwar farashin man fetur. Gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu a 1982, masana'antu suka rasa kuɗin waje na sayo kayan aiki, suka shiga sallamar ma'aikata. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta ƙara da tata korar a ma'aikatun gwamnati cikin 1984. Wanda aka sallama ba shi da inda zai je ya karɓi ko kwabo, sai dai ya koma ƙauye ya jingina da 'yan'uwa.

Bala Usman ya ƙi yarda cewa faɗuwar mai ita ce tushen ciwon. A rubuce-rubucensa na wannan zamani ya ɗora laifin a kan wani rukuni na dillalai da 'yan kwangila da masu ba da shawara, waɗanda arzikinsu ba ya fitowa daga noma ko ƙira, sai daga tsayawa tsakanin baitulmali da kamfanonin waje suna cin la'ada. Wasu abokan aƙidarsa na hagu sun ƙalubalance shi cewa ya cika ɗora nauyi a kan sata da dillanci, ya rage wa tsarin jari-hujja na duniya laifi, aka yi ta musayar alƙalami a kai. Da Janar Babangida ya buɗe muhawara a 1985 kan karɓar rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya, yana cikin na gaba-gaba wajen cewa kada a karɓa. A 1986 ya fitar da littafin Nigeria Against the IMF, inda ya kawo mafitarsa: a gina tattalin arziki a kan kasuwar cikin gida, gona ta ciyar da masana'anta, masana'anta ta sayar wa manomi, ma'aikaci ya samu abin da zai sayi kayan duka biyun.

Gwamnati ta ƙi rancen da baki, ta ɗauki sharuɗɗansa a aikace. A 1986 aka shigo da shirin SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga. Hukumar tana da nata zunubin, domin ta sha sayen auduga da araha, amma rushe ta ba tare da madadi ba ya bar manomin Malumfashi da Mahuta ba tabbacin farashi, ba ingantaccen iri, ba mai tantance kaya. A ɗaya ƙarshen sarƙar, masaƙu suka shiga fama da rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta, dubban ma'aikata suka watse, da yawansu suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama. Ya rayu ya ga farkon wannan rushewa da ya yi gargaɗi a kanta.

Gwamnatin soja ba ta bar shi haka ba. Bayan kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello a watan Mayun 1986, aka fara zargin wasu malamai da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su koyarwa ba. A 1988 aka kori abokin aikinsa Dokta Patrick Wilmot daga ƙasar, a 1989 shi ma aka raba shi da aikinsa. Ya garzaya kotu, ta mayar da shi. Ƙofar da ya so a buɗe wa kowane marar aiki ita ta cece shi, domin shi yana da takardar ɗaukar aiki da doka ta san da ita, abin da ɗan ƙwadagon gona ba shi da shi.

Bai taƙaita ga tattalin arziki ba. A 1987 ya buga littafi kan yadda masu mulki ke wasa da addini don raba kan talakawa. Shi da abokansa sun fitar da mujallar The Analyst da 'yar'uwarta ta Hausa, Fitila, suka kuma kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Hanwa, Zariya. A shekarunsa na ƙarshe ya shiga zazzafar muhawara kan mallakar man fetur da haɗin kan ƙasa, wadda ta jawo masa suka mai yawa daga yankin Neja Delta. Ko masoyansa sun san mutum ne da ba ya sassauta wa abokin gardama, kuma wannan hali ya raba shi da wasu da suka fara tafiya tare.

Abin da ya rage a ƙasa

Shekara 20 da wani abu bayan rasuwarsa, Najeriya ba ta da inshorar rashin aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta shafi rauni da ciwo da mutuwa a bakin aiki ne. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki damar cire kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa idan ya yi wata huɗu bai samu wani ba, wato ya ci guzurin tsufansa tun da ƙuruciya. Shirin N-Power na 2016 ya biya matasa masu digiri naira 30,000 a wata na ɗan lokaci, amma shiri ne na gwamnati mai ci, ta ga dama ta ci gaba, ta ga dama ta tsayar, ba wanda zai kai ta ƙara. Hatta ƙidayar marasa aikin ta canza fuska: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan kashi 4.1 a farkon 2023 bayan ta koma lissafa duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki.

Masu rinjaye na 1976 sun ce ƙasa mai tasowa ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba. Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna maganar ba ta ƙare a nan ba. Afirka ta Kudu tana da asusun inshorar rashin aiki wanda ma'aikaci ke zuba kashi 1 na albashinsa, mai aiki ya zuba kashi 1. Aljeriya ta kafa nata a 1994. Irin wannan tsari dai masu albashi kaɗai yake rufewa, kuma su ne 'yan tsiraru a Najeriya. Misalin da ya fi kusa da halin Mahuta shi ne na Indiya. A 2005, shekarar da Bala Usman ya rasu, ta kafa dokar da ta ba kowane gidan karkara haƙƙin neman aikin ƙwadago na kwana 100 a shekara, irin su haƙa tafki da gyaran hanya, kuma idan hukuma ta kasa ba da aikin cikin kwana 15 sai ta biya alawus. An yi ta kuka da jinkirin biya da almundahana a shirin, amma ginshiƙinsa shi ne abin da daftarin mutum biyun nan ya nema: talaka ya zo a matsayin mai bin bashi, hukuma ta amsa a matsayin wadda ake bi.

Gaskiya ne cewa goge sashe na 6(6)(c) kaɗai ba zai sa kuɗi a aljihun kowa ba. Bala Usman da kansa ya shafe rabin rayuwarsa yana nuna cewa ba za a raba abin da ba a samar ba, shi ya sa ya haɗa maganar haƙƙi da maganar auduga da masaƙa. Amma bambancin haƙƙi da kyauta yana nan daram. Kyauta tana zuwa gab da zaɓe, ta bi ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa, mai karɓa ya durƙusa ya yi godiya. Haƙƙi kuwa ana rubuta shi a doka, a sa masa kasafi, a tuhumi wanda ya danne shi.

Gwamnatin Katsina ta sa sunansa a wata kwaleji a Daura, kuma ɗalibansa suna shirya laccoci don tunawa da shi. Daftarin 1976 yana nan a buge ga mai son karantawa. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi wa kundin 1999 gyare-gyare sau da dama, ta rage shekarun tsayawa takara a 2018 bayan matasa sun matsa mata lamba, amma takunkumin da ke kan Babi na Biyu yana nan inda aka bar shi. Duk ɗan takarar da ya zo Funtuwa ko Malumfashi ko Mahuta da alkawarin tallafa wa matasa, akwai tambayar da ta cancanci a yi masa a bainar jama'a: zai goyi bayan a mayar da alkawarin sashe na 16 haƙƙin da kotu za ta iya tilastawa?

Allah Ya jiƙan Dokta Yusufu Bala Usman, Ya gafarta masa.